Taɓaryar da Ba Mu Ji Ba

Daga Allah muke, kuma can za mu koma ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Gwaggo ta riga mu. Ta cika a Tottenham, a benen tsakiya na gidan ɗanta, da rana tsaka, ni ina ƙasa a kicin ina kaɗa miyar kuka. Da zan taka kujera in miƙa hannu, da na taɓa ƙasan inda take kwance. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya zo gaisuwa kewaye maganar yake yi, ni kuwa na gaji da kewaye-kewaye.

Ba a ba mu gawarta da wuri ba. A ƙasar nan idan mutum ya mutu babu kowa a kansa, sai hukuma ta gama bincikenta kafin a sake shi. Tsohuwar da kullum take cewa, "Ranar da na mutu kada tuwon dare ya riske ni a waje," ita ce ta yi kwana da kwanaki a sanyin asibiti, muna zaman makoki ba mu yi jana'iza ba. Maza suna falona a ƙasa, mata suna sama a ɗakinta.

Matan manya sun zo, masu gidaje a tsakiyar London, ƙamshinsu yana riga su hawa bene. Ɗaya ta riƙe hannuna ta ce, "Allah sarki Gwaggo, mutuwar salihai. Shiru kawai, ba ta wahalar da kowa ba." Na ce mata Allah ya ba da lada, na zare hannuna. Wata ta ce ai ta yi sa'ar ɗa, wa ya samu a ajiye shi a London, ga ɗumi ga likita. Aka yi ta gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ce ta yi mata kukan da ya dace da ita, wata 'yar zangon Gana da ke sayar da daddawa da kuka a kasuwar Deptford. Tun daga bakin titi ta ɗora hannu a ka, tana kuka da Hausarsu ta zango. "Wayyo uwana! Shi ne ya riƙe ni a London! Yanzu shi ya tafi, wa zai zage ni in na kawo daddawa mara kyau?" Matan manya suka hau yi mata nasiha, wai kukan mutuwa da ƙarfi babu kyau, kuma a yi hankali da maƙwabta. Ta sassauta murya, amma har ta tafi ba ta yarda ta zauna a kan kafet ɗin ɗakin ba. Ban san me jikinta ya ba ta ba.

Akwai kuma wani malami da ke koyar da Hausa a jami'a can Bloomsbury. Kullum sai ya zo, ya zauna a matakalar bene, bai shiga wurin maza ba.

Wanda ya sa na ɗauki alƙalami kuwa wani likita ne, abokin ɗan Gwaggo. Na shigo falon da tiren shayi, an shafa fatiha ke nan, sai ya ɗaga kai ya dubi silin ya ce, "Alhaji, wai duk matan nan suna sama? Ko tari ba a ji! Wallahi an yi maka aiki. In an natsa ka ba ni number ɗin mutanen, ni ma zan yi converting nawa gidan, a yi masa irin gyaran nan." Ban yar da tiren ba. Na ajiye shi a hankali, na koma kicin, na buɗe famfo na tsaya a kansa.

Ba na so a tuna Gwaggo a matsayin matar da ta tafi shiru. Wallahi ba ta tafi shiru ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ba zan kama sunanta ba, ita ma har ta koma ga Allah akwai sunaye biyu da ba su taɓa fita daga bakinta ba: na mijinta da na ɗanta na fari. Ɗan farin nan shi ne mai gidan da muke ciki, ɗan kasuwa, ƙafa ɗaya a Kano ɗaya a London. A hannun kakarmu ya tashi, shi ya sa shi ma Gwaggo yake ce mata kamar kowa. Idan ya shigo gaishe ta sai ta karkata fuska wajen taga, ta amsa a taƙaice kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya. In tana da magana da shi, wanda ke kusa take faɗa wa: "A ce wa mutumin nan ya rage yawo a jirgi." Yana tsugune a gabanta fa. Amma ranar da zai sauka, tun asuba take jiƙa gero don ta yi masa fura.

Ni kuma taubashina ne, ni 'yar namiji, shi ɗan mace. Tun muna yara ban taɓa yi masa magana babu tsiya a ciki ba. Ina ce masa bawana, yana ce min 'yar ƙauyen da ta ga fitilar lantarki ta yi mata sallama. Ko da ya zama Alhaji mai direba, ni kaɗai nake iya fizge masa hula a gaban mutane a yi dariya. To ku riƙe waɗannan biyun: uwar da kunya ta hana ta yi masa magana, da taubashiyar da duk abin da ta faɗa wasa ne. A tsakaninsu aka rasa Gwaggo.

Ta zo ne a farkon shekarun tamanin, da na haifi 'yata ta fari, don ta yi min wankan jego tunda mahaifiyata ba ta raye. Arba'in aka ce za ta yi. Kafin ta shirya komawa ciwon gwiwa ya kama ta, kafin gwiwa ta yi sauƙi na sake samun ciki, shi ke nan zama ya kama. A kayanta akwai ƙaramin turmi da taɓarya naɗe a zani. Ma'aikacin filin jirgi ya juya taɓaryar ya juya, ya tambaye ta da Turanci, ita kuwa ta karɓe abinta ta nuna masa yadda ake daka, har da 'yar waƙa. Daga baya ta ce, "Bawan Allah, ya girma bai taɓa cin yaji mai daɗi ba. A idonsa na gani."

Gidan tsoho ne, na jan bulo, hawa uku. Mu muna ƙasa, ni da maigidana da yara. Gwaggo tana tsakiya, don ta rantse ba za ta kwana ƙofa ɗaya da suruki ba. Can sama ɗalibai 'yan gida ne suke zama, wannan ya gama wancan ya shigo. Tsakanin hawa da hawa babu komai sai katako da iska. In cokali ya faɗi a sama sai ka duba ƙarƙashin teburinka. Maigidana, ma'aikacin ofis mai son barcin Asabar, ya tsani wannan abu. Gwaggo kuwa cewa take, "Turawan da suka gina gidan nan sun san zumunci." In aka yi mata gardama sai ta ƙara da cewa, "Gidan da ba ka jin tarin ɗan'uwanka, ai ka shiga kabari da ranka."

Da taɓaryar nan take magana da mu. In ta idar da sallar asuba sai ta buga daɓe a hankali, ma'ana na tashi lafiya, ni kuma in ɗauki sandar mofa ta goge daɓe in zunguri silin, ma'ana mu ma. In ta buga a jere da sauri, to a hau. Yarana da aka haifa a nan, masu jin Hausa su mayar da Turanci, wannan yaren kam sun iya shi tsaf. "Mum, Gwaggo wants you," autana zai ce bai ɗauke ido daga talabijin ba, "it's the angry one." Ni nas ce, na yi aiki a ɗakunan da ke da ƙararrawa a kan kowane gado, amma ban ga wadda ake amsawa da sauri kamar taɓaryar Gwaggo ba.

Ba zan ce kullum daɗi nake ji ba. Kunnen Gwaggo ya yi yawa. Ta san ranar da na ƙona shinkafa daga yadda nake kankare tukunya. Wata Lahadi muna sa-in-sa da maigidana a kan zancen komawa gida, murya ta fara hawa, sai muka ji dum, dum, dum a kanmu, har fitila tana rawa. Na hau a fusace.

"Gwaggo, yanzu ko numfashi ba za mu yi ba sai kin ji?"

"Ni? Citta nake dakawa."

Na leƙa turmin, wayam.

"Ai kin ga ta daku," in ji ta. "Ke kuma in ba kya so a ji numfashinki, ki daina yin sa kamar jaki ya hau tudu."

Na ce mata abin da na ce, ta ce min wanda ya fi shi. Washegari da asuba ba ta buga ba, wanshekare ma haka. Lafiyarta ƙalau, ina jin takunta, ina jin butarta, gaisuwar ce dai ta ɗauke. Ni ma na ce ai ba ita kaɗai ta gaji taurin kai ba, jini ɗaya ne. Sai da aka kwana biyu a haka, na tsinci kaina tsaye a kicin da sandar mofa, na zunguri silin. Amsar da ta dawo min da ita sai da farar ƙasa ta zubo min a shayi. Da na hau ta ce, "Da kin ƙara kwana da na sauko da kaina, ki ji kunya."

Malamin nan da ya zauna a matakala, a lokacin ɗalibi ne a hawan sama. Magidanci ne, ya bar mata da 'ya'ya a gida ya zo neman digiri na uku. Gwaggo ba ta cika ganinsa ba, takunsa ta sani, don in yana karatu zirga-zirga yake yi daga taga zuwa ƙofa. Wani hunturu tallafin karatunsu ya tsaya daga gida, shi kuma mutum ne mai zurfin ciki, ko abokansa ba su san halin da yake ciki ba. Ta buga min na hau, ta ce, "Mutumin sama ya daina tafiya. Kuma ban ji ya ɗora tukunya ba." Na ce wataƙila a waje yake ci. Ta ce, "Wanda ya ci a waje da ƙarfi yake hawa bene." Ta dama kunun tsamiya, ta dogara taɓarya, ta hau da gwiwar nan tata, ta ƙi in riƙe mata kwanon. Ba ta tambaye shi komai ba. Cewa ta yi, "Malam, hannuna ya zarce, na dama ya yi yawa, zubarwa kuma alhaki ne. Ka taimake ni." Haka hannunta ya yi ta zarcewa har hunturun ya fita.

A shekarun casa'in taubashina ya sauka da sabon shiri. Ɗalibai sun yi ƙaranci, ya ce zai raba gidan ya zama flat uku a hukumance, kowanne da ƙofarsa, ya zuba 'yan haya a sama. Council, wato ƙaramar hukuma, suka turo sufeton gini, wani dattijon Bature mai haƙuri. Ya zaga, ya taka ɗakin Gwaggo da ƙarfi, ya saurara. Ya ce doka ta canza: in za a mai da tsohon gida flat-flat, dole a gyara daɓen da ke tsakaninsu yadda taku da magana ba za su ratsa ba. Ni da na san abin da ke ratsa namu, sai na tambaye shi, in aka bar ƙasa da tsakiya a matsayin gida ɗaya fa, aka raba sama kaɗai? Ya ce to babu ruwan doka da abin da ke tsakanina da ita, saman kanta kawai za a gyara.

Har yau ban ga laifin dokar ba. An yi ta ne don mutanen da ba su san juna ba, kuma ba sa so su sani. Ta ma bar mana mafita, namu ne ya ƙi bi.

Na same shi a falo yana shan furar da uwarsa ta aiko, maigidana da wasu baƙi suna zaune. Na ce, "Ka bar hawa biyun nan a haɗe. Da daɓen nan Gwaggo take kirana."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, taubashiya! Ashe dabarar da kika ɓullo da ita ke nan? So kike ki gaje min bene biyu ina raye?"

"Ba wasa nake ba."

"Yaushe kika taɓa cewa wasa kike?"

"Tsohuwa ce, ƙafarta ba ƙarfi. In ta faɗi fa?"

"Sai ki ɗauke ta mana, me aka kai ki makarantar nas ki koyo? Zumunci ai a ƙafa yake. Ki riƙa hawa, ko kya rage wannan ƙibar."

Falon ya ɗauki dariya, har da maigidana. Washegari na sake tarar sa shi kaɗai, na sauke murya, na kira shi Yaya, abin da ban taɓa yi ba. Ya dafe ƙirji ya ce, "Yau bawa ne ya zama Yaya? Lallai gidan nan ya shiga ranki." An ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Ba a gaya mana yadda za a yi da wanda ya ɗauki gaskiyar ma wasa ba.

Sai na koma wurin Gwaggo. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa, don duk rawar kansa bai taɓa tsallake maganarta ba, in dai ta iso shi. Na durƙusa na roƙe ta. Ta ce, "Ke! Ni zan buɗe baki in roƙi mutumin nan abu? A ce na zo ƙasar Turawa na zubar da kunyata?" Na ce ba roƙo ba ne, umarni ne, ke kika haife shi. Ta ce, "Tashi min daga nan, mara ta-ido."

Da ya hau da kansa ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Gwaggo, za a ɗan gyara daɓe, in babu damuwa," ina tsaye ina yi mata ido kamar idona zai faɗo. Ta dubi taga ta ce, "A ce masa gidansa ne." Ya juyo ya yi min gwalo, babban mutum da furfura a gemu. Bayan ya fita ta ce da ni a hankali, "Ai ya kamata ya gane." Haka ta zauna da shi tun yana cikin zanin goyo, tana shiru tana jira ya gane.

Aka sauko da ita falona na 'yan kwanaki, tana kwana da mayafi a ka saboda suruki. Ma'aikata suka ɗaga katakon ɗakinta ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashi aka tsinci allurarta da ta ɓata, da ƙwayoyin carbi, da geron da ya yi ta zuba tun zuwanta. Suka cusa wani abu mai kama da auduga, rawaya, mai sa ƙaiƙayi, a tsakanin azarorin. Suka jera alluna masu nauyi, suka shimfiɗa wani abu mai taushi, sannan suka ɗora sabon daɓe a kai, babu ƙusa ɗaya da ta haɗa shi da na ƙasa, ko bango bai taɓa ba. Ta wajenmu kuma suka rataya sabon silin a ƙarƙashin tsohon, da tazara a tsakani. Kowane flat aka sa masa ƙofa mai nauyi da ke rufe kanta saboda gobara, har da na Gwaggo, da ƙofarta ba ta taɓa rufuwa da rana ba.

Na ja shugabansu gefe na ce ya bar min wuri ɗaya, ko faɗin tafin hannu, kusa da gadonta. Ya yi min bayani da ladabi. Ya ce ƙara kamar ruwa take, in ta samu kafa ɗaya duk aikin ya tashi a banza, sufeto ba zai amince ba, kuma wanda ya ba shi aiki bai ce haka ba. Da suka gama ya sa biyu daga cikinsu suka hau suna tsalle da takalman aiki, mu muna ƙasa. Sai da muka yi tsit muka kasa kunne sannan muka ji wani abu can nesa. Maigidana ya ce alhamdulillahi, yau zai yi barci. Sufeto ya dawo ya duba ya yaba.

Taubashina ya sa mata tarho a falonta, ya ce kuma zai sa a ja waya a yi mata ƙararrawa har kicin ɗina. "Next week za a yi fixing." Ya hau jirgi. Duk zuwan da zai yi sai na tuna masa, duk tunin kuma sai ya zama abin dariya, har ya laƙaba min Hajiya Ƙararrawa. Na ce zan kira mai gyara da kaina, ya ce kada wanda ya huda masa daɓen da hukuma ta amince da shi, shi ya san mutumin da zai yi ba tare da ɓata aiki ba. Tarhon kuwa Gwaggo ta lulluɓe shi da ƙyalle. Ta ce ba ta magana da wanda ba ta ji takunsa ba.

Na riƙa hawa safe da rana da yamma, yara ma suna hawa. Amma ta canza. 'Yan hayan sama Turawa ne, ba ta jin su, mu ma ba ta jin mu. Ta ce, "An toshe min kunne ta sama da ta ƙasa." Ta daina daka, wai daɓen yana shanye bugun, babu daɗi. Wata safiya ta ce min, "Na buga miki da asuba." Na ce, "Ni ma na zungura, Gwaggo." Mu duka gaskiya muka faɗa. Haka muka ci gaba, tana bugawa ina zungura, babu mai jin wani.

Ranar da ta cika ba ni da aiki. Na hau da hantsi na kai mata koko, muka yi hira, ta ce tana marmarin tuwo da miyar kuka, a sa daddawar 'yar Gana. Na sauko. Yara suna makaranta, maigidana yana ofis, ko rediyo ban kunna ba. Na yi wanki, na yi azahar, na ɗora tukunya. Bayan la'asar na ɗauki kwano na hau, na tura ƙofar nan mai nauyi da kafaɗa.

Tana kwance a tsakar ɗaki, tsakanin gado da ƙofa, daidai saman kicin ɗina. Ƙugunta ya karye. Taɓaryar tana hannunta. Ta ja gefen kafet da yatsunta ta naɗe shi don ta samu katako zalla, ta san kafet yana cin ƙara. Katakon ya lotsa rami-rami kamar cikin tsohon turmi. Likitan da ya duba ta ya ce ta daɗe da rai bayan faɗuwar. Ni nas ce, ba sai ya faɗa min ba, na ga tafin hannunta. Wannan ita ce matar da ta tafi shiru ba ta wahalar da kowa ba. Matar taubashina ce ta sa aka mayar da kafet ɗin kafin mutane su taru.

Bayan an binne ta mutane sun watse, gidan ya rage mu kaɗai. Tun da ya sauka taubashina bai tsokane ni ba, ni ma ban ce masa komai ba ban da amsa gaisuwa. Wani hantsi ya shigo kicin ya tsaya a bayana.

Ya ce, "An ce kafet ɗin…" ya kasa ƙarasawa.

Na ce, "Je ka ɗaga."

"Ina taɓaryar?"

Na ɗauko ta a bayan ƙofa na miƙa masa. Ya ce, "Ki tsaya inda kike tsaye ranar." Ya hau.

Na tsaya a gaban murhu. Na ji firji yana gunji. Na ji bas ta tsaya a bakin titi ta tashi. Can na ji wani abu nesa-nesa, da an tambaye ni sai in ce wani ne yake rufe ƙofar mota a layin baya. Na yi ta jira.

Ya sauko babu hula, rigarsa ta jiƙe sharkaf, tafin hannunsa ya fashe. Mutum ne ƙaƙƙarfa, ya ninka ta biyu.

Ya ce, "Kin ji?"

Na ce, "Ka fara ne?"

Ya tsaya yana duban fuskata, yana neman dariyar da ya saba samu a wurin tun muna yara. Ya nema, ya nema. Sannan ya sulale ya zauna a ƙasan kicin, ya rungume taɓaryar, ya kira ta da abin da bai taɓa kiran ta da shi ba tana raye. Ya ce Inna. Ban rarrashe shi ba, na kashe murhu na bar masa wurin.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwancinta, ya haɗa ta da maƙwabta masu amsa gaisuwa. Ya Allah, ba a yi daɓen da zai tare maka ji ba. Mu ba mu ji ba. Kai Ka ji, Ka amsa mata.